Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ma'aikatan Jinya Da Malaman Makarantun Jinya Kan Gyambon Ƙafar Tsofaffi

Zuwa ga shugabannin ma'aikatan jinya na asibitoci, da malamanmu na makarantun koyon aikin jinya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa a matsayina na ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, wadda ta daɗe tana aiki a ɗakin wankin ciwo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da tsofaffi masu gyambon ƙafa suke ciki a hannunmu, musamman gyambon da ke tasowa daga lalacewar jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Dattijo zai yi wata da watanni, wani ma shekaru, yana zarya a kan ciwo ɗaya, a kwance masa bandeji, a goge mikin, a rufe, a ba shi ranar dawowa, kuma a duk tsawon wannan lokaci da wuya a sami wanda ya tsaya ya dubi ƙafar baki ɗayanta ya tambayi kansa dalilin da ya hana ramin rufewa. Ina ganin gyaran wannan al'amari yana hannunku, domin ku ne kuke tsara abin da ake koyarwa, ku ne kuma kuke raba lokaci da kayan aiki.

Ku gafarce ni in fara da abin da kuka riga ni sani, saboda a kansa duk roƙona ya ginu. Saukar jini zuwa ƙafa abu ne mai sauƙi, komawarsa sama ita ce jan aiki. Abu biyu ke tura shi: tsokar sha-raɓa da ke matse jijiyoyin ciki duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, da kuma 'yan murafan da ke cikin jijiyoyin, masu barin jini ya wuce sama su hana shi dawowa. Idan murafan nan suka lalace, ko tsokar ta daina aikinta, sai jini ya taru a ƙasan ƙafa, ƙarfinsa ya yi ta hauhawa a cikin jijiya, ruwa ya riƙa tsatsowa cikin nama, ƙafa ta kumbura, fata ta yi ta rauni a hankali, har ya zamana ɗan bugun ƙafar kujera ko susar farce sun isa su buɗe ramin da zai ƙi rufewa. Wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyar cikin ƙafa, da mai ƙiba, da wanda ya yi shekaru yana sana'ar tsayuwa, da macen da ta yi haihuwa da yawa, da wanda ya taɓa karaya ko aka yi masa tiyata a ƙafa, duk suna cikin haɗarin. Tsufa kuma yana ƙara nasa: idon sawu ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa, zama ya yi yawa, fata ta yi siriri ta bushe. Kusan kashi 70 cikin 100 na gyambunan ƙafa daga wannan matsala suke, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa shekarar 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya haura. Ke nan layin da ke bakin ƙofar ɗakin wankin ciwo ƙaruwa zai yi.

Wanda ya fahimci wannan ya san cewa mikin alama ce kawai, cutar tana cikin jijiya. Saboda haka duba majinyaci yana farawa tun kafin a taɓa bandeji. Ya kamata ma'aikaciyar jinya ta lura da yadda dattijon ya shigo, ko yana ɗaga dunduniya in yana tafiya ko jan ƙafar yake yi, da irin takalmin da ya iya sakawa. Sannan ta zauna ta yi tambaya cikin natsuwa: yaushe ciwon ya fara, ya taɓa warkewa ya dawo, me aka taɓa sa masa, yana da ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda, yana shan taba, waɗanne magunguna yake sha, yana iya cin abinci sosai, a ina yake kwana, wa yake taimaka masa a gida. Tambaya kan zafin ciwon ita ce wadda aka fi tsallakewa, alhali kuwa amsarta tana nuna hanya. Mai matsalar jijiyar komawar jini yakan ce ƙafar tana masa nauyi da tsami in yamma ta yi, kuma yana samun sauƙi idan ya ɗaga ta. Wanda kuwa jijiyoyin da ke kawo jini ne suka toshe masa, ɗaga ƙafar ke tayar masa da zafi, har ya kan farka cikin dare ya sauko da ita daga gado kafin ya samu sa'ida, kuma sha-raɓarsa tana ƙullewa idan ya yi 'yar tafiya.

Daga nan sai duba fata, wanda shi ne ainihin abin da nake so a dawo masa da martabarsa. A buɗe ƙafafun duka biyu, tun daga gwiwa har tsakanin yatsu, a wuri mai haske sosai, domin ƙafar da ba ta da miki ita ce ma'aunin mai mikin, kuma sau da yawa ita ma tana kan hanya. Gyambon jijiyar komawar jini ya fi fitowa a tsakanin idon sawu da tsakiyar ƙwauri, galibi ta gefen ciki, ba shi da zurfi sosai, bakinsa ba daidai yake ba, kuma yana zubar da ruwa da yawa. Kewaye da shi akwai shaidun da ke ba da labarin shekarun da suka wuce. Akwai baƙin tabo mai faɗi, wanda ke samuwa idan jajayen ƙwayoyin jini suka fita daga jijiya suka mutu a cikin fata suka bar sinadarin ƙarfensu. Akwai taurin fata da naman da ke ƙarƙashinta, inda ƙasan ƙwauri zai tsuke ya yi tauri, samansa kuma ya kumbura. Akwai 'yan fararen tabbai masu santsi kusa da idon sawu, waɗanda fatarsu ba ta da ƙwari kuma suna da zafi idan suka fashe. Akwai ƙananan jijiyoyi da suka bazu a gefen tafin ƙafa, da manya da suka tashi raɗa-raɗa a sha-raɓa, waɗanda sai majinyaci ya miƙe tsaye ake ganinsu da kyau. Akwai kirci mai ƙaiƙayi, wani busasshe wani mai tsatsar ruwa, da ɓawon matacciyar fata mai kauri da ke taruwa a ƙarƙashin bandeji. A danna yatsa a kan ƙwauri a ga ko ramin zai tsaya. A duba dunduniya da bayan idon sawu saboda ciwon kwanciya, a duba farce, a raba yatsu a ga ko tsakaninsu ya jiƙe ya tsage, domin ta wannan 'yar tsaga ƙwayoyin cuta ke shiga su kumbura ƙafa gaba ɗaya. Tun shekarar 1994 masana jijiyoyin jini suka fitar da tsarin da ake kira CEAP, wanda ya jera alamomin nan daga mataki na 0 zuwa na 6, inda na 5 yake nufin gyambon da ya warke, na 6 kuma wanda yake buɗe. Amfaninsa a wurinmu shi ne ya tuna mana cewa mai kumburi da mai baƙin tabo suna matakai na 3 da na 4, kuma a nan ne ya fi sauƙi a tare cutar.

A nan ina da wata magana ta musamman ga malamanmu. Yawancin hotunan da ke cikin littattafan da muka yi karatu da su na farar fata ne, kuma an koya mana mu nemi ja a matsayin alamar kumburi da shigar ƙwayoyin cuta. A fata mai duhu jan nan ba ya fitowa haka. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya riƙa sheƙi, wani lokaci ma ido ba ya ganin komai. Dole hannu ya taimaki ido: a sa bayan hannu a ji ɗumin wurin a gwada da ɗaya ƙafar, a ji tauri, a ji inda majinyaci ya zabura. Ɗalibar da aka yaye tana jiran ta ga ja za ta rubuta cewa fata lafiya lau a ranar da cuta ta riga ta kama hanya. Ina roƙonku ku tara hotunan koyarwa na fata iri-iri, da izinin masu su, ku kuma kai ɗalibai su taɓa ƙafa da hannunsu.

Babban abin da dubawar nan take son kai mu gare shi shi ne amsar tambaya ɗaya: shin jini yana isa ƙafar nan yadda ya kamata? Maganin gyambon jijiyar komawar jini shi ne a matse ƙafa da bandeji, amma matsin da ke warkar da wannan shi ne zai iya kashe ƙafar da jijiyoyinta masu kawo jini suka toshe, har a kai ga yankewa. Irin wannan ƙafar takan yi sanyi, gashinta ya zube, fatar ta yi sheƙi, mikinta kuma ya fi fitowa a yatsu ko dunduniya ko gefen tafin ƙafa, mai zurfi, mai baki kamar an yanka. Sai dai tsofaffi da yawa suna da matsalolin biyu a haɗe, kuma jin bugun jini da yatsa kaɗai ba ya wadatarwa, balle a kumburarriyar ƙafa. Shi ya sa ake awon da ake kira ABPI, wato gwada ƙarfin jinin idon sawu da na hannu, da ƙaramar na'urar Dofla ta hannu, mai jiyo sautin bugun jini a cikin jijiya. Majinyaci zai kwanta a miƙe ya huta kamar minti 10 zuwa 20. A ɗaura masa maɗaurin awon hawan jini a damtse, a shafa man na'urar, a ɗora kanta a karkace a kan jijiya har a ji sautin bugun, a hura maɗaurin har sautin ya ɗauke, a sassauta a hankali, a rubuta lambar da sautin ya dawo a kanta. A yi haka a hannu biyu. Sannan a rufe mikin da leda mai tsabta, a mayar da maɗaurin saman idon sawu, a nemi bugun da ke bisa tafin ƙafa da wanda ke bayan ƙashin idon sawu na ciki. Sai a raba lambar da ta fi girma ta ƙafar da lambar da ta fi girma ta hannu. Idan sakamakon ya faɗo tsakanin 0.8 da 1.3, ana iya yin cikakken matsi. Idan yana tsakanin 0.5 da 0.8, akwai toshewa, kuma ba a matsi sai mai sauƙi a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Idan ya gaza 0.5, babu maganar matsi, likitan jijiyoyin jini za a nema cikin gaggawa. Idan kuma ya haura 1.3, kada a yi murna, domin yakan nuna cewa bangon jijiyar ya yi tauri har maɗauri ba ya iya matse shi, abin da ake yawan gani ga masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda, kuma su ma sai an tura su ƙarin bincike. Wannan awo aikin ma'aikatan jinya ne a ƙasashe da dama, kuma ba shi da wuyar koyo. Abin da yake buƙata shi ne na'urar, da gado, da lokacin da ba a koran ma'aikaciya a cikinsa.

Matse ƙafa ba sabon ilimi ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitan fata na Jamus, Paul Gerson Unna, ya fito da bandejin da ake jiƙawa da haɗin sinadarin zinki, wanda har yau ake kira da sunansa. A shekarun 1980 kuma aka ƙirƙiro ɗauri mai hawa huɗu a asibitin Charing Cross da ke Landan, da nufin samar da matsi kimanin 40 na ma'aunin mmHg (ma'aunin da ake awon hawan jini da shi) a idon sawu, wanda ke raguwa yayin da ake hawa zuwa gwiwa. Bincike da yawa sun tabbatar cewa gyambon nan ya fi saurin warkewa da matsi fiye da babu shi, kuma a ganina duk ɗakin wankin ciwon da ke karɓar masu wannan cuta ba tare da wanda ya iya ɗaurin matsi ba, jinkirta musu waraka kawai yake yi. Amma ɗaurin yana da ƙa'ida. Ana auna kewayen idon sawu da tef kafin a fara, domin siririyar ƙafa ta fi jin matsi fiye da mai kauri ko da ƙarfin jan ɗaya ne, kuma idan awon ya gaza santimita 18 sai an ƙara auduga. Ana lulluɓe ƙashin ƙwauri da idon sawu da jijiyar dunduniya da auduga mai laushi, a riƙe tafin ƙafa a miƙe kamar mutum yana tsaye, a fara daga gindin yatsu, a haɗa da dunduniya, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, a tsaya kaɗan ƙasa da gwiwa. Bandejin da aka naɗe a kan mikin kaɗai aka ƙulle tsakiyar ƙwauri yana tare jini ne, ya kumbura tafin ƙafa, ya ƙara ɓarna. Kafin majinyaci ya tashi a duba launin yatsunsa da ɗuminsu, a kuma faɗa masa, shi da wanda ya rako shi, cewa idan yatsun suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka mutu, ko zafi ya tsananta, ko numfashi ya fara yi masa wuya, a kwance ɗaurin nan take a dawo asibiti. Mai raunin zuciya da ruwa ya taru masa sai da shawarar likita, saboda matsi yana mayar da ruwan ƙafa cikin jini. Wanda ciwon suga ya kashe masa jin ƙafa shi ma sai an ƙara sa ido, tunda ba zai ji lokacin da ɗaurin ya fara cin sa ba.

Game da mikin kansa ba zan tsawaita ba, sai dai in ce a auna shi a rubuta. Tsawo, faɗi, zurfi, kalar naman da ke ciki, ko ja ne mai rai ko rawaya ko baƙi matacce, yanayin bakinsa, yawan ruwa da warinsa, duk su shiga kati, tare da hoto idan majinyaci ya yarda. Kalmar "ana samun sauƙi" da muke yawan rubutawa ba ta gaya wa wanda zai karɓi aiki gobe komai. Idan an yi mako huɗu zuwa shida ana matsi yadda ya dace kuma faɗin bai ragu a fili ba, a sake bincike daga tushe. Tun 1962 George Winter ya nuna cewa miki ya fi saurin yin sabuwar fata idan yana da 'yar danshi, don haka abin rufewa mai sauƙi wanda ba ya manne wa nama kuma yana shanye ruwa ya wadatar a mafi yawan lokuta. Abin takaici ne a ga an fizge busasshen ƙyallen da ya manne, jini ya biyo baya, sabon naman mako guda ya tafi tare da shi, dattijo yana cije leɓe. Jiƙa shi da ruwa na 'yan mintuna ya isa ya hana wannan. Haka nan zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu zafi a kowane wanki yana ƙona sabon nama. Kowane daɗaɗɗen miki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma wannan kaɗai ba dalilin ba da maganin kashe su ba ne. Ana ba da shi idan zafi ya ƙaru, ɗumi da kumburi suna yaɗuwa, mugunya ta fito, miki yana faɗaɗa da sauri, ko zazzaɓi ya zo. Ga tsoho kuwa, ruɗewa ta farat ɗaya ko yawan barci na iya zama alamar farko ko da jiki bai yi zafi ba. Mikin da bakinsa ya tashi ya naɗe, ko namansa ya yi tsiro yana saurin zubar da jini, ko ya ƙi motsi bayan wata uku na kulawa mai kyau, a tura shi a yanki ɗan nama a gwada, domin sankara tana iya tasowa a tsohon gyambo, abin da ake kira da sunan likitan Faransa Marjolin. Kada kuma a manta cewa sikila, da ciwon suga, da wasu cututtukan sanyin gaɓoɓi su ma suna kawo miki a ƙafa.

Kula da fatar da ke kewaye shi ne aikin da ya fi zama namu, shi ne kuma wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙafar da ta yi mako a cikin bandeji tana buƙatar wanka na gaske. A sa ta cikin bokitin da aka shimfiɗa wa leda mai tsabta, da ruwa mai ɗumi, a wanke da man wanka marar ƙamshi maimakon sabulu mai busar da fata, a bar ɓawon ya yi laushi a ɗauke shi a hankali ba tare da kankarewa ba, a tsane da tawul ta hanyar dannawa, a busar da tsakanin yatsu sosai. Sannan a shafa mai marar turare daga gwiwa zuwa ƙasa, ta inda gashi ya kwanta, don kada ramukan gashi su toshe su yi ƙuraje. Gefen mikin da ruwa ya jiƙa har ya yi fari a kare shi da man kariya, a kuma ƙara yawan canjin abin rufewa har ruwan ya ragu. Kirci mai ƙaiƙayi yana buƙatar man da likita zai rubuta na ɗan lokaci, kuma yana da kyau a san cewa idan ƙafafu biyu suka yi ɗumi da ƙaiƙayi a lokaci ɗaya babu zazzaɓi, ya fi kama da kirci ko taurin fata fiye da shigar ƙwayoyin cuta, wadda galibi ƙafa ɗaya take kamawa. Fatar masu wannan gyambo tana saurin ƙin abubuwa, irin su man lanolin da ake samu daga gashin tumaki, da maganin neomycin, da turare, da roba, saboda haka idan kirci ya tsananta bayan an fara wani sabon mai, shi ne abin zargi na farko. Filasta ba ta da wuri a kan fatar tsoho, domin cire ta kan yage fatar ta buɗe sabon miki a gefen tsohon. Mayukan da ke da farafin kuma suna jiƙa tufafi da bandeji su sa su saurin kama wuta, kuma wajibi ne a gargaɗi majinyaci ya nisanci wuta da taba.

Akwai wata jimla da nake roƙon ku hana a rubuta ta a kati sai an yi bincike, wato cewa majinyaci "ba ya bin umarni". Dattijuwar da ta kwance bandeji cikin dare tana da dalili. Wataƙila zafi ya hana ta barci kuma ba a ba ta maganinsa ba, wataƙila ƙaiƙayi ne, wataƙila takalminta ba ya shiga, wataƙila ruwan ya ɓullo yana wari har jikokinta sun daina zama kusa da ita. Wari da zubar ruwa suna sa tsoho ya ƙaurace wa mutane, ya daina fita, ya rage cin abinci, damuwa ta kama shi, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara jinkirta waraka. Wasu suna kwana a zaune a kujera ƙafa a ƙasa, wanda ke rushe duk aikin da aka yi da rana, kuma ba za a sani ba sai an tambaya. A ba da maganin zafi kafin wankin ciwo, a fara da matsi mai sauƙi idan cikakken ya gagara a ƙara a hankali, a bayyana masa dalilin ɗaurin da harshen da yake ji, a koya masa ya riƙa ɗaga ƙafa sama da ƙugu idan yana hutawa, ya riƙa tafiya gwargwadon ƙarfinsa, ya riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa ko yana zaune. A duba nauyinsa da yawan jininsa da sugansa, domin jikin da ba ya samun abinci mai gina shi ba zai iya gina sabuwar fata ba.

Ina kuma roƙon ku buɗe mana hanyar tura majinyaci ga likitocin jijiyoyin jini da wuri. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta fitar a 2013 ta ce duk mikin da ke ƙasan gwiwa da bai warke ba cikin mako biyu a tura mai shi. Binciken ESCHAR na 2004 ya nuna cewa yi wa lalatattun jijiyoyin komawar jini da ke kusa da fata tiyata tare da matsi ya rage dawowar gyambo a cikin shekara guda zuwa kashi 12 cikin 100, idan aka gwada da kashi 28 ga waɗanda aka yi wa matsi kaɗai. Binciken EVRA na 2018, wanda aka yi a kan mutum 450 a Birtaniya, ya nuna cewa waɗanda likitoci suka yi wa aikin rufe lalatattun jijiyoyin komawar jini da wuri sun warke a matsakaicin kwana 56, waɗanda aka jinkirta wa kuma kwana 82. Tsufa kaɗai bai kamata ya hana a duba ko mutum ya cancanci wannan aiki ba. Bayan miki ya rufe kuma cutar jijiyar tana nan, don haka sai an auna masa safar matsi daidai ƙafarsa, wadda zai riƙa sakawa da safe kafin kumburi ya taso, a sabunta ta duk bayan wata uku zuwa shida saboda ƙarfinta yana saki. Tsoho mai ciwon yatsu ko wanda ba ya iya sunkuyawa ba zai iya jan wannan safa shi kaɗai ba, kuma idan ba a koya wa wani na gida ba, a cikin akwati za ta ƙare.

Ranku ya daɗe, abin da nake nema a wurin shugabannin asibitoci bai fi ƙarfinku ba. A ware wa kowane sabon mai gyambon ƙafa lokaci isasshe a zuwansa na farko, a daina lissafa shi daidai da wanda ya zo cire zare. A samar da na'urar Dofla da tef ɗin awo da bandejin matsi na gaske a kowane ɗakin wankin ciwo, a kuma fitar da takardar dubawa guda ɗaya da za ta bi majinyaci, mai wurin rubuta yanayin fata, da awon miki, da sakamakon ABPI da ranar da za a maimaita shi. A yi ƙoƙari ma'aikaciya ɗaya ko biyu su riƙa bin majinyaci ɗaya, domin idon da ya ga ƙafar makon jiya shi ke gane canjin yau. Kada a bar kowa ya yi ɗaurin matsi sai wanda ya ƙware ya gan shi yana yi ya amince. A ƙananan asibitocin da na'urar ba ta kai ba tukuna, a rubuta wa ma'aikata ƙa'ida bayyananniya: su wanke ƙafa, su kula da fata, su ɗaga ƙafar idan babu alamun toshewar jijiyoyin kawo jini, su guji matsi mai ƙarfi, su tura majinyaci inda za a auna shi, kuma a faɗa musu sunan wurin da ranar da ake karɓa. Ku kuma malamanmu, ina roƙon a sa awon nan da ɗaurin matsi cikin jarrabawar aikin hannu da ɗalibi zai ci kafin a yaye shi, a kuma shirya wa mu da muka daɗe da barin aji bita a kai a kai, domin da yawa daga cikinmu ba mu samu wannan horo ba a lokacin karatunmu.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa. Allah Ya taimake ku a kan nauyin da ke wuyanku.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya daga ɗakin wankin ciwo